Darasi: Zuciya Mai Ruɗi da Allah Mai Bincike

Karatu: Irmiya 17:1-14, Irmiya 42:1 zuwa 43:7, Markus 7:14-23
Ayar haddacewa: Zabura 139:23-24
Nufin darasi: Mu gane cewa zuciyarmu ba amintaccen mashaidi ba ce a kan kanta, mu kuma koyi yadda mai bi zai gwada kansa a gaban Allah ta wurin bangaskiya.

Gabatarwa

Mutum ya san iyakar gonarsa, ya san yawan awakinsa, ya san wanda ya ke binsa bashi da wanda shi ya ke bi. In aka tambaye shi halin maƙwabcinsa, sai ya faɗa filla-filla. Amma in aka ce ya faɗi dalilin da ya sa ya yi abu kaza jiya, watau ainihin dalili, ba wanda ya gaya wa mutane ba, nan ne magana ta kan yi wuya. Annabi Irmiya ya nuna mana tushen wannan wuya a sura 17, aya 9. Ya ce babu abin da ya kai zuciya iya yaudara, tana kuwa da ciwon da ya fi ƙarfin magani, har ya tambaya ko akwai mai iya gane ta. Magana ce mai nauyi, ba ta da daɗin ji. Duk da haka, 'yan'uwa, kada mu yi saurin wuce ta, gama mutum ya iya shekara talatin yana zuwa sujada, sunansa yana cikin littafin ekklisiya, alhali kuwa bai taɓa tsayawa a gaban Allah da gaskiya ba.

1. Zamanin da aka yi wannan magana

Irmiya ɗan Hilkiya ne, daga zuriyar firistoci na Anatot, wani ƙauye kamar mil 3 daga Urushalima. Allah ya kira shi a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, wajen 627 kafin haihuwar Kristi, ya kuwa yi annabci shekara 40 da ɗoriya. Shekara biyar bayan kiransa, wajen 622, aka tsinci littafin Shari'a cikin Haikali. Sarki Yosiya ya ji karatunsa, ya kyakketa tufafinsa, ya rurrushe bagadan gumaka, ya sa jama'a suka sabunta alkawari da Ubangiji, aka yi Idin Ƙetarewa irin wanda ba a taɓa yi ba tun zamanin mahukunta (2 Sarakuna 22 da 23).

Wanda ya ga ƙasar Yahuda a shekarun nan, lalle zai ce an tuba. Su kansu mutanen haka su ke tsammani. Amma a Irmiya 3:10 Ubangiji ya ce komowar tasu ta ganin ido ce, ba da dukan zuciya ba. Aka kashe Yosiya a Magiddo a 609, sa'ad da ya fita ya tari Fir'auna Neko, ba a kuwa daɗe ba mutane suka koma gidan jiya. Ɗansa Yehoyakim, da aka karanta masa littafin annabcin Irmiya, sai ya riƙa yanka shi da wuƙa yana jefawa cikin kaskon wuta, ba shi ba fādawansa, babu wanda ya ji tsoro (Irmiya 36). A 597 Nebukadnezzar Sarkin Babila ya kwashi kashi na fari na manyan gari, wajen 586 kuma aka ƙone Haikali.

Mu lura da kyau. Ba ga masu bautar gumaka na wata ƙasa aka yi maganar nan ba. Ga mutanen alkawari aka yi ta, masu Haikali, masu hadaya, masu Littafi. Saboda haka maganar tamu ce, mu da mu ke zama a kan bencin sujada.

2. Kalmomi uku na aya 9

Aka rubuta littafin Irmiya da Ibrananci, akwai kuwa amfani mu dubi kalmomi uku yadda su ke a harshen asali.

Ta fari ita ce *leb*, watau zuciya. A Hausa in an ce mutum yana da zuciya, sau da yawa fushi a ke nufi. Murna da ɓacin rai kuma mu kan sa su a ciki, mu ce farin ciki da baƙin ciki. A wurin Ibraniyawa *leb* ta fi haka faɗi. Ita ce wurin tunani, da shawara, da niyya, da zaɓe. Da ita mutum ya ke auna abu ya ce wannan daidai ne, wancan ba daidai ba. Ashe kuwa, in annabi ya ce zuciya tana ruɗi, ba sha'awarmu kaɗai ya ke nufi ba. Ma'aunin da mu ke auna sha'awar da shi, shi ma ya karkace.

Ta biyu ita ce *akob*. Tushenta ɗaya da kalmar da ke nufin diddige, tushenta ɗaya kuma da sunan Yakubu, wanda ya fito daga ciki yana riƙe da diddigen Isuwa, daga baya ya yi masa wayo har sau biyu (Farawa 25:26, 27:36). A Ishaya 40:4 an yi amfani da ita a kan ƙasa mai gargada wadda za a baje. Hoton ke nan: mai bin mutum ta baya ya sa masa ƙafa, da kuma hanya mai kwana-kwana wadda ba a hango ƙarshenta.

Ta uku ita ce *anush*, ciwon da ya gagari magani. Irmiya ya yi amfani da ita a 15:18 da 30:12 a kan rauni wanda ya ƙi warkewa. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, aikin da aka fara a Iskandariya ta Masar tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Kristi, sun karanta baƙaƙen nan da wasu wasula, sai kalmar ta zama "mutum", suka kuma fassara *akob* da "zurfi". Ko da ya ke karatun Ibrananci mu ke bi, nasu ma yana tuna mana da abu guda: zuciya rijiya ce wadda gugan mai ita ba ya kai ƙasanta.

Aya 1 ta riga ta ce zunubin Yahuda an zana shi da alƙalamin ƙarfe a kan allon zuciyarsu. Rubutun tawada a kan allo, ruwa ya kan wanke shi. Abin da aka sassaƙa da ƙarfe kuwa, ba ya wankuwa. Ubangijinmu Yesu ya tabbatar da wannan a Markus 7. Farisawa suna damuwa da wankin hannu, shi kuwa ya lasafta mugayen abubuwa 13, tun daga mugun tunani har zuwa girman kai da wauta, ya ce dukansu daga ciki su ke fitowa.

3. Mutanen da suka yi tambaya da kayansu a ɗaure

Littafin Irmiya da kansa ya ba mu misali, a sura 41 zuwa 43. Bayan faɗuwar Urushalima, Sarkin Babila ya naɗa Gedaliya ya zama mai mulkin sauran mutanen da aka bari. Isma'ilu ɗan Netaniya ya kashe shi a Mizfa. Yohenan ɗan Kareya da sauran shugabannin yaƙi suka ƙwato mutanen da Isma'ilu ya kwashe, amma tsoron ramuwar Babila ya kama su. Suka zo wurin Irmiya, babba da yaro, suka roƙe shi ya yi addu'a domin Allah ya nuna musu hanyar da za su bi. Har suka kira Ubangiji ya zama mashaidi a kansu, suka yi alkawari za su yi biyayya, ko amsar ta yi musu daɗi ko ba ta yi ba.

Wa zai ga aibin wannan roƙo? Irmiya ya yi addu'a, bayan kwana 10 amsa ta zo: su zauna a ƙasar, kada su ji tsoron Sarkin Babila, kada kuwa su tafi Masar. Nan take Azariya da Yohenan suka ce ƙarya ya ke yi, wai Baruk magatakardansa ne ya zuga shi. Suka kwashi jama'a, har da Irmiya da Baruk, suka gangara Tafanes ta Masar.

Asirin yana a 41:17. Tun kafin su zo wurin annabi, sun riga sun sauka kusa da Baitalami, a kan hanyar Masar, da niyyar wucewa. Shawara ta riga ta ƙare a zuci. Abin da su ke nema shi ne Allah ya sa hannu a kanta. Ba lalle ba ne a ce sun san suna ƙarya sa'ad da su ke rantsuwa. Mai yiwuwa ne sun gaskata bakinsu, domin sun tabbata Allah zai faɗi abin da su ke so. Irmiya ya ce musu a 42:20 sun ɓad da kansu a bakin ransu.

Wannan hali bai mutu a Tafanes ba. Saurayi ya kan zo wurin dattawan ekklisiya neman shawara a kan aure, alhali ya riga ya kai kuɗin gaisuwa. Mutum ya kan ce a taya shi addu'a a kan wani ciniki mai duhu, alhali ya riga ya karɓi kafin alƙalami. In amsa ta zo yadda ba ya so, sai ya nemi Baruk nasa, ya ce wane ne ya zuga pasto.

4. Hanyoyi huɗu da zuciya ta kan bi

*Tana sāke wa zunubi suna.* Aka umarci Sarki Saul ya hallaka dukan abin da ke na Amalekawa. Ya bar tumaki da shanu masu ƙiba, ya taryi Sama'ila yana cewa ya cika umarnin Ubangiji, dabbobin kuwa wai na hadaya ne (1 Sama'ila 15). Haka rowa ta kan zama tattali a bakinmu, tsegumi ya zama "abin addu'a", ƙiyayyar kabila ta zama kishin gida, tsoron mutane kuma ya zama son zaman lafiya.

*Tana ganin laifin wani, ba ta ganin nata.* Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dauda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin, ya zauna wata da watanni kamar babu abin da ya faru. Da Natan ya ba shi labarin mai arziki wanda ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta matalauci, sai Dauda ya husata ƙwarai, ya yanke wa mutumin hukunci, bai san kansa ya ke yanke wa ba (2 Sama'ila 12). Lamirinsa yana aiki sarai a kan kowa, sai a kan mutum guda.

*Tana auna kanta da wanda ya fi ta lalacewa.* Bafarisin nan na Luka 18 bai yi ƙarya ba a kan azuminsa da zakkarsa. Kuskurensa shi ne ya ɗauki mai karɓar haraji ya mai da shi ma'auni. Kowa zai iya samun wanda ya fi shi muni a unguwa, ya jingina da shi ya ji sanyi.

*Tana yi wa kanta alkawarin ƙarfin da ba ta da shi.* Bitrus ya ce ko duka sun yi tuntuɓe, ban da shi. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Kafin gari ya waye ya yi musun Ubangijinsa sau uku, farkon wadda ta tsorata shi kuwa baranya ce (Markus 14). Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo a Afirka ta Arewa (354 zuwa 430), ya ba da labarin yadda shi da abokansa suka saci 'ya'yan itacen maƙwabci yana ɗan shekara 16. Ba yunwa su ke ji ba, yawancin ma aladu suka zuba wa. Da ya girma ya yi ta binciken dalilin, sai ya tarar ba 'ya'yan itacen ya ke so ba, laifin kansa ya ke so. Akwai abin da ke kwance cikinmu wanda ba mu san da shi ba sai ranar da dama ta samu.

Aya 11 ta kawo misalin tsuntsuwa wadda ta kwanta a kan ƙwan da ba ita ta saka ba. Mun san yadda a kan sa wa kaza ƙwan zabi, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta wahala da su tana tsammani nata ne, su girma su kama gabansu. Haka mai tara dukiya ta hanyar zalunci ya ke, in ji annabi: a tsakiyar kwanakinsa za ta bar shi, a ƙarshe ya zama wawa. Duk kwanakin da kazar ta yi a kwance, hankalinta a kwance ya ke. Kwanciyar rai ba shaida ba ce cewa muna kan gaskiya.

5. Wanda ya ke iya bincike

Tambayar aya 9 ba a bar ta babu amsa ba. A aya 10 Ubangiji ya ce shi ne mai binciken zuciya, mai gwada ƙoda. Haka kalmar ta ke a Ibrananci, ƙoda, ko da ya ke fassarori da yawa sun sa "tunani" ko "ciki" a madadinta. Wanda ya taɓa fiɗar akuya ya san ƙoda tana can ƙurya, kitse ya lulluɓe ta. A hadayun Isra'ila kuma tana cikin abin da a ke ƙone wa Ubangiji a kan bagade (Littafin Firistoci 3). Ma'anar ita ce, babu lungun da idonsa bai kai ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tsakanin mutum da mutum karin maganar yana da gaskiyarsa, amma fuska ta kan koyi ɓoyewa, har ta ɓoye wa mai ita. Allah ba ya bukatar tambayar fuska.

A nan ne bangaskiya ta shigo. Mu dubi ayoyin da suka gabaci aya 9. Daga aya 5 zuwa 8 an kwatanta mutum biyu. Na fari ya dogara ga ɗan adam, ya zama kamar ɗan tsiro a busasshiyar ƙasa mai gishiri. Na biyu ya dogara ga Ubangiji, ya zama kamar itacen da aka dasa a bakin rafi, mai miƙa saiwoyinsa zuwa ruwa, ganyensa ɗanye ko a shekarar fari. Sa'an nan aya 9 ta biyo. Jerin yana koya mana cewa ɗan adam ɗin da ba za a dogara gare shi ba, ba Fir'auna kaɗai ba ne. Har da wanda mu ke gani cikin madubi. Misalai 28:26 ta kira mai dogara ga zuciyarsa wawa.

Saboda haka gwajin kai iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya ke yi shi kaɗai: shi ne mai ƙara, shi ne mashaidi, shi ne alƙali. Shari'ar da aka yi haka, an san yadda za ta ƙare. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai awo wanda mudunsa ya lotsa, ko ya auna hatsinsa sau goma da shi, ba zai gane ya lotsa ba, sai an kawo mudun gaskiya an gwada. Akwai kuma gwajin da bangaskiya ta ke yi, inda mutum ya kai kansa gaban Allah ya roƙa a bincike shi, kamar yadda Dauda ya yi a ƙarshen Zabura 139. Manzo Bulus ya san bambancin. A 1 Korantiyawa 4:3-5 ya ce bai san wani laifi a kansa ba, amma wannan bai baratar da shi ba, gama Ubangiji ne mai yi masa shari'a. Yana da dalilin faɗin haka, domin a dā ya tsananta wa ekklisiya yana ganin wajibi ne a kansa (Ayyukan Manzanni 26:9).

Me ya sa sai da bangaskiya? Domin babu mai buɗe ciwonsa ga wanda ya ke tsammani zai kashe shi. Adamu ya ɓuya cikin itatuwa saboda tsoro. Muddin mutum yana zaton karɓuwarsa a wurin Allah tana rataye a kan kyan halinsa, tilas zuciyarsa ta yi ta ƙawata labari, gama ransa ne a kan gungume. Amma wanda ya gaskata Kristi ya riga ya ɗauki zunubansa a kan gicciye, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba tukuna, shi ne zai iya jin gaskiya a kan kansa bai gudu ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

6. Yadda za mu gwada kanmu

*Da Maganar Allah.* Ibraniyawa 4:12 ta kwatanta ta da takobi mai kaifi biyu, mai rarrabe tunani da nufin zuciya. Yakubu 1:22-25 ya kwatanta ta da madubi, ya kuma ce mai ji wanda ba ya aikatawa, kansa ya ke ruɗi. In muna karatu muka iske ayar da ta sa muka tuna da wane, mu dakata, mu fara tambaya ko tamu ce. Ayar da mu ke son tsallakewa, sau da yawa ita ce aka aiko mana.

*Da addu'a wadda ta bar wa Allah amsa.* Kafin mu roƙi ja-gora, mu tambayi kanmu ko mun riga mun ɗaure kaya. Gwaji mai sauƙi shi ne: in Allah ya ce a'a, me zan yi? In amsar ita ce zan tafi duk da haka, to, gara mu faɗa masa hakanan, mu roƙe shi ya juya nufinmu, da mu yi rantsuwar mutanen Yohenan.

*Da 'yan'uwa.* Ibraniyawa 3:13 ta ce mu gargaɗi juna kowace rana, domin kada yaudarar zunubi ta taurare waninmu. Dauda bai farka da kansa ba, sai da aka aiko Natan. Kowane mai bi yana bukatar mutum guda, ko biyu, wanda ya ba shi izini ya faɗa masa gaskiya. In mata, ko miji, ko abokin aiki, ko dattijo sun faɗi abu ɗaya a kanmu, kada mu ce sun haɗa baki. Wanda kuma aka ba shi wannan izini, ya yi da tawali'u, yana lura da kansa (Galatiyawa 6:1).

*Da 'ya'yan da mu ke bayarwa.* Aya 10 ta ce Allah yana sāka wa kowa bisa ga al'amuransa da amfanin ayyukansa. Abin da mu ke ji a rai yana da wuyar aunawa, amma ayyuka suna aunuwa. Ina kuɗinmu ya tafi a watan jiya? Wa muka daina gaisarwa? Wane bashi ne muka yi shiru a kansa? Yaya mu ke magana da yaran gida in babu baƙo? Gara ta kan cinye azara ta ciki, bayanta yana nan sumul. Mai hankali ya kan ƙwanƙwasa tun damina ba ta sauka ba.

*A kan kari.* An umarce mu mu gwada kanmu kafin mu ci Jibin Ubangiji (1 Korantiyawa 11:28). Kada wannan ya zama sunkuyar da kai na minti ɗaya. Tun ana sauran kwanaki mu zauna da Littafi, in akwai wanda za a nemi gafararsa a je, in akwai abin mayarwa a mayar.

7. Ruɗi na biyu, da magani

Zuciya tana da ƙarya biyu. Kafin mutum ya fāɗi ta kan ce masa, "Ba kome." Bayan ya fāɗi ta kan ce, "Taka ta ƙare." Waɗansu 'yan'uwa masu taushin lamiri, in sun ji darasi irin wannan, sai su shiga tonon kansu dare da rana, su daina zuwa Jibi, su yi shakkar cetonsu. Wannan ma dogara ga zuciya ne, an dai juya shi ne kawai. Bitrus da Yahuda Iskariyoti dukansu sun yi laifi a dare ɗaya, dukansu sun yi baƙin ciki. Yahuda ya gaskata hukuncin zuciyarsa, ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna tare da almajirai har Ubangiji ya same shi. A bakin Tekun Tibariya, da aka tambaye shi sau na uku ko yana ƙaunar Yesu, bai ƙara yin fahariya ba. Ya jingina ga sanin da Ubangiji ya yi masa (Yohanna 21:17). Manzo Yohanna ya ce ko zuciyarmu ta kāshe mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuwa san kome (1 Yohanna 3:20).

Irmiya da kansa bai tsaya a aya 9 ba. A aya 14 ya roƙi Ubangiji ya warkar da shi, da tabbacin cewa in shi ya warkar, an warke. Ciwon da ya gagari mutum bai gagari Allah ba. A 31:31-34 an yi alkawarin sabon alkawari, inda Allah zai rubuta shari'arsa a kan zuciya, a kan allon nan da zunubi ya sassaƙe, ba kuwa zai ƙara tunawa da laifinsu ba. Ezekiyel 36:26 ya ce za a cire zuciyar dutse a ba da ta nama. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki ƙoƙo ya ce sabon alkawarin nan a cikin jininsa ya ke.

Wanda ya ba da gaskiya ya karɓi sabuwar zuciya da Ruhu Mai Tsarki. Duk da haka tsohon hali yana nan yana yaƙi har ranar da za mu ga Ubangiji (Galatiyawa 5:17), shi ya sa gwajin kai ba ya ƙarewa. In mun ce ba mu da zunubi, kanmu mu ke ruɗi; in mun furta, shi mai aminci ne ya gafarta, ya tsarkake (1 Yohanna 1:8-9). Mu dubi zuciyarmu har mu ga bukatarmu, sa'an nan mu ɗaga ido ga Kristi, mu tashi mu gyara abin da ya nuna mana.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa gyaran da Yosiya ya yi bai daɗe ba bayan mutuwarsa? Wane gargaɗi ke nan ga ekklisiyarmu?
2. Karanta Irmiya 41:17 da 42:5-6. Mene ne ya nuna roƙon mutanen ba na zuciya ɗaya ba ne?
3. Waɗanne kyawawan sunaye mu kan ba zunubi a gida, a kasuwa, da cikin taron ekklisiya?
4. Me ya bambanta baƙin cikin Bitrus da na Yahuda Iskariyoti? Dubi 2 Korantiyawa 7:10.
5. Yaya za mu gargaɗi ɗan'uwa ba tare da mun zama kamar Bafarisin Luka 18 ba?

Ga shugaban aji: Kada a tilasta wa kowa ya faɗi asirinsa a gaban jama'a, kada kuma a bari a ambaci sunan wanda ba ya nan. Wanda ya ke da nauyi a rai, a ba shi dama ya ga pasto ko dattijo a keɓe.

Aikin mako: Kowace safiya a karanta Zabura 139:23-24 a mai da ita addu'a. Kafin mu sāke taruwa, kowa ya gyara abu guda wanda Ubangiji ya nuna masa.

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, kai ka san mu fiye da yadda muka san kanmu. Ka kunna fitilar Maganarka cikin ɗakunan da muka rufe. Ka tsare mu daga ƙaryar da ke cewa ba kome, da ƙaryar da ke cewa babu gafara. Ka ba mu kunnen jin gargaɗin 'yan'uwa, da ƙarfin gyara abin da ka nuna mana. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.